Yadda za ku nemo 'yan ajinku bayan ritaya, ku riƙa jin labarin juna

Tun bayan taron da 'yan ajinmu suka yi bara, da wuya mako ya wuce wani bai tare ni da tambaya iri ɗaya ba, ko a ƙofar masallaci ko a waya: "Malam, yaya kuka yi kuka samo junanku? Mu ma muna so, mun rasa ta inda za mu faro." Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta.

Mu kwalejin horon malamai muka shiga a 1974, lokacin da ake ɗibar ɗalibai ido rufe saboda shirin UPE na ba kowane yaro ilimin firamare, muka fito a 1979. In ka cire mutum biyu da suka zarce koyarwa a jami'a, babu sauran mai zuwa ofis a cikinmu: wanda shekara 35 ta aiki ba ta sallama ba, shekara 60 ta haihuwa ta sallame shi. Abin da zan faɗa zai yi wa 'yan sakandare ko jami'a amfani, bambancin bai taka kara ya karya ba.

Kayan aikin ba su da yawa: littafin rubutu mai kaurin bango, fensir, waya da kati, da mutum uku masu haƙuri.

1. Jerin sunaye tukuna, shugabanci daga baya

Kuskuren da ya fi kashe irin wannan yunƙuri tun yana jariri shi ne a fara da zaɓen shugaba da ma'aji. Mutum goma su zauna su raba muƙamai, sauran 'yan aji su ji labari daga baya, sai su ɗauka ƙungiyar wasu ce. Ku bar wannan sai an taru.

Ku zauna ku ukun da littafi, ku tuno mutane. Kada ku ce za ku bi sunaye haka nan da ka, ƙwaƙwalwar ɗan shekara 65 ba ta aiki ta wannan hanya. Ku bi ɗakin kwana gado bayan gado, sannan aji benci bayan benci, sannan 'yan ƙwallo, 'yan fareti, masu rabon abinci. Mu da muka bi ta gadaje, cikin yamma ɗaya muka tuno mutum 80 da wani abu. Tsohon hoto ma yana taimako ƙwarai, kuma ku juya bayansa, don a zamaninmu akan rubuta sunaye da biro.

Kowane mutum a ba shi layi guda: sunan da ake kiransa a rajista, laƙabinsa, garinsu, inda aka fara tura shi aiki, lambar wayarsa, da lambar ɗansa ko 'yarsa. Gurbi na ƙarshe a rubuta ko yana raye, ko ya rasu, ko ba a sani ba.

Hattara: wannan gurbi na ƙarshe da fensir ake cika shi. "Na ji an ce ya rasu" ba hujja ba ce.

Hattara ta biyu: sunaye sun canza. A da makarantu kan liƙa wa yaro sunan garinsu, da ya girma sai ya koma ga sunan mahaifinsa. Wani an naɗa shi sarauta, yau ko 'ya'yan unguwarsu ba su san sunansa na yanka ba. Mata kuwa da yawa da sunan mazajensu aka san su a wurin aiki. In ka je nema da sunan rajista kaɗai, sai a ce maka babu mai wannan suna alhali gidansa ne a bayanka.

In makarantar na nan, mutum ɗaya ya je da takardar neman izini wurin firinsifal ya roƙi a duba tsohuwar rajistar shiga, ya ɗauki hoton shafukan da waya. Kwalejojin horon malamai da yawa an mayar da su sakandare bayan an daina takardar shaidar malanta ta Grade II, saboda haka kundin na iya kasancewa a sito ƙarƙashin ƙura. 'Yan Kwalejin Barewa ta Zariya sun huta da wannan wahala, tun da kowane ɗalibinsu yana da lambarsa mai farawa da B, kuma ƙungiyarsu ta BOBA ta daɗe da kafuwa. Mu sauran sai da tono.

2. Inda ake samun mutane

Ku tuna da ƙirƙiro jihohi, domin shi ya fi komai warwatsa mu. An cire Katsina daga Kaduna a 1987. Jigawa daga Kano, Kebbi daga Sakkwato, Yobe daga Borno a 1991. Zamfara daga Sakkwato da Gombe daga Bauchi a 1996. Duk lokacin da aka yi haka, ma'aikata kan koma jiharsu ta asali. Wanda ka baro yana koyarwa a Kano a 1990, in ɗan Haɗeja ne, kada ka ɓata lokaci a Kano, Dutse za ka tambaya.

Wuraren da suka fi yi mana amfani su ne ofishin ƙungiyar 'yan fansho na ƙaramar hukuma, ofishin ƙungiyar malamai ta NUT, da layin tantance 'yan fansho. Wannan na ƙarshe babu kamarsa: mutum zai yini a kan benci yana jiran a kira lambarsa, ga tsararrakinsa ko'ina. Ka tafi da jerin sunayenka a aljihu. Sai kuma wuraren ɗaurin aure da zaman makoki. Wanda ya ɓace ɓat, a aika wa dagaci ko limamin garinsu. A Facebook kuwa ba tsohon za ka samu ba, 'ya'yansa za ka samu.

Duk wanda aka samu, kafin a ajiye waya a tambaye shi: "Wa da wa kake da lambarsu?" Da wuya ya kasa ba da biyu.

Sanarwar rediyo tana aiki, musamman ga waɗanda suka koma ƙauye suna noma, amma ita ce mafi tsada a wannan mataki. Ku bar ta sai hanyoyin kyauta sun ƙare, kuma ku ba da lamba ɗaya tak wadda mai ita ke ɗaukar waya.

3. Kiran farko

Da murya ake yin sa, ba da saƙo ba. Mutumin da bai ji ɗuriyarka ba tun zamanin Shagari, in ya ga rubutu daga baƙuwar lamba, ɗan damfara zai ɗauke ka, kuma yana da gaskiya. Ka yi sallama, ka faɗi sunanka na makaranta da ɗakin kwananku, ka ambaci wani abu da ku kaɗai kuka sani. Na kira wani ya yi ta amsa mini da "to, to" a daƙile, sai da na ce, "Alhaji, ni ne wanda muka yi aikin horo tare a gonar makaranta saboda mangwaro," kawai sai na ji salati, sai dariya har da tari.

Ka fara da girmamawa, Malam ko Alhaji ko Hajiya. Shi ne zai dawo da laƙabin yarinta in yana so.

Hattara: kada kalmar kuɗi ta fito a wannan kira, ko da ta kuɗin rajista ce. Kuma ka nemi izininsa kafin ka ba wani lambarsa ko ka sa shi a zauren WhatsApp na aji. Akwai wanda rayuwa ba ta yi masa yadda ya so ba, yana jin nauyin haɗuwa da abokan da suka zama manyan sakatarori. Irin wannan a bi shi a hankali, a riƙa gaishe shi lokaci-lokaci. Mu akwai wanda sai da ya shekara biyu kafin ya yarda.

4. Buɗe zauren WhatsApp

Sai kun samu kamar mutum 20 sannan ku buɗe. Zaure ɗaya yana ɗaukar har mutum 1,024, don haka wuri ba matsala ba ne. Ku sa masu kula uku, ku saita shi yadda su kaɗai ne za su iya shigar da sabon mutum. Sunan zauren ya ƙunshi makaranta da shekarar gamawa.

Dokoki a rubuta su ranar farko, kada su wuce biyar, a maƙala su a sama. Namu: ban da siyasa, ban da muhawarar addini ko ta ƙungiyanci, ban da turo abin da aka turo maka daga wani zaure, ban da talla, ban da hoton gawa ko na haɗari. Mun koyi ta farkon ne da tsada. A kakar zaɓen 2023 mutum bakwai suka fice cikin dare ɗaya, har yau akwai biyun da ba su dawo ba. In ajinku akwai Musulmi da Kirista, kamar yawancin kwalejojin wancan lokaci, a yi wa kowa barka da sallarsa a tsaya nan.

Masu kula suna da ikon goge saƙon kowa. Su goge, sannan su kira mai saƙon su ba shi haƙuri a keɓe. Dattijo mai jikoki ba ya son a yi masa gyara a gaban tsararrakinsa.

Hattara, wannan ita ce babbar: za a kira ɗayanku a ce ana shirya taron 'yan aji ta intanet, an turo masa lamba shida, ya karanto don a sa shi a ciki. Wannan lambar ita ce makullin WhatsApp ɗinsa. Yana karantowa an ƙwace, sai a fara aika wa kowa saƙon neman rance da sunansa. Maganin shi ne kowa ya shiga saitin wayarsa, wurin da aka rubuta Account, ya kunna Two-step verification, ya sa lambar sirri. Wanda bai iya ba jikansa ya yi masa. In an riga an ƙwace, a cire lambar daga zaure nan take, a sanar da kowa, mai ita ya sake yin rajista da layinsa. In ɓarawon ya riga ya sa tasa lambar sirrin, sai an jira kwana 7.

Ku kuma nuna wa juna yadda ake kashe saukar hoto da bidiyo kai tsaye, don data ɗin ɗan fansho ba ta da yawa.

5. Takardar labarin aji

A nan aikin yake. Zaure shi kaɗai ba ya kawo labari. Bayan wata uku za ka tarar mutum takwas ne ke magana, kullum "barka da Juma'a" da furanni, sauran sun yi tsit. Waɗanda kuwa aka fi buƙatar jin halin da suke ciki, mai ƙaramar waya, wanda ido ya yi wa rauni, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, ba sa cikin zauren ma sam. In ba a yi dabara ba, sai a wayi gari ƙungiyar ta zama ta masu babbar waya da lafiya.

Dabarar ita ce a naɗa magatakarda, aikinsa kawai tattara labari. Duk wata uku ya fitar da takarda, shafi ɗaya ko biyu. Ga yadda muke yi.

A raba sunayen gida-gida, kowane mai kira ya ɗauki mutum 10 zuwa 12, gwargwadon yanki. A ba su mako biyu. Kada mai kira ya ce "ina labari?", don amsar sananniya ce: sai alheri. Tambaya ce mai kan gado ke fito da magana. Har yanzu kana garin nan ko ka tashi? Me ka shuka bana? Wa aka aurar, wa ya haihu, wa ya gama karatu? Garatuti ya fito? Ƙafar nan da sauƙi? Wa ka gani cikin 'yan ajinmu? Mai kira ya rubuta a take, ya tura wa magatakarda.

Magatakarda ya ba kowa layi uku ko huɗu, ba ƙari. Wannan ƙa'ida tana da dalili. In aka ba tsohon kwamishina rabin shafi, aka ba tsohon hedimasta layi ɗaya, an gama raba aji biyu. A jera sunaye bisa haruffa, kuma a rubuta kiwon awakin wani da irin darajar da aka rubuta tafiyar wani Umara. Abin mamaki, labaran da aka fi tattaunawa a kansu su ne ƙananan: wane ya koma haddar Alƙur'ani yana da shekara 66, wance ta buɗe islamiyya a zauren gidanta, wane ya daina tuƙi da dare. A ƙarshen takarda a sa sunayen waɗanda har yanzu ake nema, da na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Hattara: rashin lafiya, bashi, mutuwar aure da shari'a ba sa shiga takarda sai mai abin ya ce a sa. Ko ya yarda, a rubuta "yana jinya, a sa shi a addu'a", ba sai an faɗi sunan ciwon ba.

Fitar da ita hanya uku ne. A tura ta zaure a rubuce. Magatakarda ya karanta ta da murya a saƙo, a hankali, saboda masu matsalar ido. Wannan ya fi komai karɓuwa a wurinmu, har matan wasu ke tambayar yaushe za a turo. Sannan a buga 'yan kwafi da manyan haruffa a ba masu kira su kai wa marasa babbar waya hannu da hannu. Zumunta a ƙafa take, kai takardar ma dalilin ziyara ne.

Kuɗin da ke ciki shi ne katin masu kira da na bugawa. Ku ƙiyasta minti biyar ga kowane mutum, ku ninka, don ba a taɓa gamawa a minti biyar.

6. Labarin jinya da rasuwa

Wannan ba ya jiran wata uku, kuma a nan aka fi yin kuskure. Wata safiya wani ya rubuto mana a zaure cewa wane ya rasu, ya ji a sanarwa. Kafin azahar an yi ta'aziyya ta fi 40, har wasu sun kama hanya. Da la'asar sai ga mamacin ya turo saƙon murya daga gona yana tambayar wa ya rasu. Mai irin sunansa ne a garinsu. An yi dariya daga baya, amma 'yarsa da ke aure a wata jiha ta ga saƙon kafin a gyara, ba ta ji da daɗi ba.

Tun daga ranar doka ta zama: duk wanda ya ji, magatakarda zai kira, ba zaure zai rubuta ba. Magatakarda ya yi magana da ɗan gidan, sannan ya sanar da cikakken suna, laƙabi, lokacin jana'iza da wuri. Tun da ba a jinkirta jana'iza, masu kira su bi mutanensu na kusa da garin da waya nan take. Bayan kwana biyu a tura wakilai ta'aziyya da sunan aji.

Hattara: a cire lambar mamaci daga zaure bayan an sanar da iyalinsa. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani kan sake sayar da shi, sai ku wayi gari baƙo na karanta sirrinku. Lambar matarsa ko babban ɗansa kuwa ta zauna a littafi, a riƙa gaishe su ko da sallah-sallah ne.

7. Kuɗi

Sai an shekara ana gaisawa sannan a kawo maganarsa. Ku yanka abin da mai ƙaramin fansho zai iya ba tare da ya ji a jikinsa ba, mai hali ya ƙara a ɓoye. Misali, mutum 60 in kowa ya ba da N1,000 a wata, N60,000 ke nan, N720,000 a shekara a takarda. A zahiri ku yi lissafi da rabin haka, don fansho kan makara.

A rubuta tun farko abin da asusun zai yi da adadin kowanne: dubiya, ta'aziyya, katin masu kira. Biki da suna mu mun cire su, don ba sa ƙarewa. Rance ma babu, shi ke raba abokai.

Hattara: kada kuɗin ya zauna a asusun mutum ɗaya, komai amanarsa. Ba zargi ba ne. In ya faɗi ya rasu, kuɗin ya shiga cikin gado, fitar da shi sai an sha wuya. A buɗe asusun haɗin gwiwa na mutum uku, sai biyu sun sa hannu a cire. Ma'aji ya kawo lissafi a kowace takardar labari, har da 'yan kuɗin da banki ke yanka. Sunayen waɗanda ba su biya ba kuwa kada a taɓa liƙa su a zaure; ranar da aka yi haka za a nemi wasu a rasa.

Rajista da hukumar CAC, mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, ba dole ba ce ga aji guda. Tana buƙatar amintattu, tsarin mulki, sanarwa a jaridu da jiran kwana 28, ga kuma rahoton shekara-shekara. Sai in kuna shirin mallakar fili ko yi wa tsohuwar makaranta babban aiki.

8. Haɗuwa ido da ido

Sau ɗaya a shekara ya isa. Ku kauce wa azumi, lokacin aikin Hajji da tsakiyar damina. Asabar ta fi, saboda Juma'a da Lahadi kowanne da masu ibada. A sanar wata biyu kafin ranar. A fara ƙarfe 10 na safe a tashi kafin la'asar, kada kowa ya yi tafiyar dare. Na nesa a raba su gidajen 'yan aji su kwana.

Wuri ya kasance a ƙasa ba bene ba, da kujeru masu majingina da bayan gida kusa. Ɗakin taron tsohuwar makaranta ya fi araha, ya kuma fi motsa zuciya. Abinci a rage gishiri da mai, a tanadi ruwa fiye da lemo, rabin ɗakin masu hawan jini ne ko ciwon suga. Kaso mafi girma na kuɗin taro ya tafi ga motar waɗanda ba za su iya zuwa ba, a tura musu kafin ranar ba tare da kowa ya sani ba.

A rubuta sunan kowa da laƙabinsa da manyan haruffa a maƙala masa a ƙirji. Kada ku raina wannan. A taronmu na farko mutum biyu sun yi kusan rabin awa a benci ɗaya suna hirar tsadar taki, kowa na ɗaukar ɗan'uwansa baƙo, ashe gadonsu ɗaya sama da ƙasa shekara uku. Sai da aka kira rajista suka waiwayi juna.

Babban tebur na manyan baƙi ku yafe shi, dogayen jawabai ma haka. A kira rajista kamar yadda ake yi a aji, wanda ke nan ya amsa ya yi minti biyu, wanda ya rasu a yi masa addu'a. A ɗauki hoto tun kafin a ci abinci, don ana gama ci ake fara zamewa.

9. Ajiyar littafin

Littafin sunaye kada ya zama kwafi ɗaya. A ɗauki hoton kowane shafi bayan kowane gyara, a tura wa mutum biyu a garuruwa daban-daban. Magatakarda ya sami mataimaki da ya san inda komai yake, kuma a jawo ɗa ko jikan ɗayanku mai hannu a kwamfuta ya buga jerin ya adana tare da tsofaffin takardun labari. Duk shekara a wurin taro a zagaya da littafin, kowa ya duba layinsa, ya gyara lambarsa da ta ɗansa da hannunsa.